GUMI A MADADIN JINI: YADDA WASAN HARBI YA SHIGO ƊAKUNANMU

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, kwanakin baya wata walima ta kai ni wani gari a ƙasar Gwaram, na sauka a gidan wani dattijo mai mutunci. Bayan an idar da sallar Magariba muka dawo daga masallaci, sai na riƙa jin ƙarar harbe-harbe tana fitowa daga ɗakin samari. Na leƙa, sai ga yara biyar ko shida sun yi tsuru-tsuru a gaban talabijin mai amfani da hasken rana, babbansu bai wuce shekara goma sha uku ba. Ɗaya yana riƙe da hannun gem, a fuskar talabijin kuwa ba a ganin komai sai bakin bindiga da mutane suna zubewa. Babu wanda ya ji kiran salla a cikinsu. Da na yi wa maigidan magana, sai ya ce: "Malam, ai wasa ne, gara nan da yawon banza." Wani ɗan'uwa almajiri da muke tare da shi kuma ya yi caraf ya ce haramun ne yanke, domin maƙiya Musulunci ne suka zauna musamman suka ƙera shi don su rusa 'ya'yanmu.

Lalle dukkansu biyun sun yi magana ba da ilimi ba, alhali ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman usulu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Saboda haka bari mu koma mu ga inda wannan abu ya tsiro, da yadda aka yi ta dasa shi daga wannan na'ura zuwa waccan har ya iso ɗakin da na leƙa. A cikin tarihin dashen nan hujjata take.

Irin wannan wasa, wanda mai yin sa yake kallon duniya ta bayan bakin bindiga kamar shi ne maharbin, ya shahara ne ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna id Software a jihar Texas ta Amurka. A shekarar 1992 suka fitar da Wolfenstein 3D, inda ake harbin sojojin Hitila a cikin wani kurkuku. A ranar 10 ga Disamba, 1993 kuma suka fitar da Doom, kalmar da ke nufin halaka, inda wani soja yake yaƙar shaiɗanu a watannin duniyar Mirrihu, daga nan ya zarce cikin abin da suka suranta a matsayin Jahannama. Wasannin biyu na kwamfuta ne, kwamfuta kuwa a wancan zamani kayan ofis ce da jami'a da gidajen masu hali. Wato akwai katanga tsakanin wasan da ƙaramin yaro: tsada, da wahalar sarrafawa, da kasancewar na'urar a hannun babba. 'Yan kasuwa suka duba suka ga cewa kuɗi ba a ofis yake ba, yana tsakar ɗaki, inda ake jona ƙaramin akwatin wasa da talabijin. Daga nan aka shiga aikin dashe.

Aikin ba ƙarami ba ne, kuma adalci ne mu faɗi haka. Doom yana buƙatar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki megabait 4, bayanansa kuma sun haura megabait 10. Akwatin Super Nintendo kuwa ƙwaƙwalwarsa kilobait 128 ce kacal, kaset ɗin da za a zuba wasan a ciki megabait 2. Kamar a ce maka ka ɗura buhun gero a cikin tiya. Wani masanin manhaja mai suna Randy Linden ya ɗauki aikin, ba tare da an ba shi asalin rubutun wasan ba, ya sake gina injin tun daga tushe, aka kuma dasa wata ƙwayar lantarki mai suna Super FX a cikin kaset ɗin kanta don ta taya akwatin lissafi. Wasan ya fito a 1995. To amma me aka zubar kafin ya shiga? An zubar da zanen daɓe da na rufi, suka zama launi ɗaya shafal. An zubar da hoton baya da na gefen dodanni, ta yadda duk inda ka ɓullo fuskarsu kake gani. Zango 27 ya koma 22. A akwatin Atari Jaguar, wanda John Carmack, ɗaya daga cikin magina wasan, ya yi wa dashen da kansa a 1994, kiɗan da ke tashi lokacin wasa aka sadaukar. A na Sega 32X an rage zanguna an kuma tsuke girman hoto. A na 3DO an ba Rebecca Heineman mako 10 kawai ta gama, wasan ya fito yana tafiyar hawainiya a cikin ɗan ƙaramin taga.

Ka lura da kyau, ya ɗan'uwa. An yar da daɓe, an yar da rufi, an yar da kiɗa, an yar da zanguna. Abu guda ne ba a taɓa yarwa ba a ko wane dashe: bindigar da ke tsakiyar fuskar talabijin da abin da take faɗa wa. Duk mai dashe yana zaɓe ne, abin da ya ƙi saki kuwa shi ne ran abin. Saboda haka maganar cewa harbin nan ado ne kawai, asalin wasan gwada basira ne da saurin hannu, magana ce da masu wasan da kansu suka ƙaryata da aikinsu.

Wannan yankan da ƙarancin na'ura ya tilasta ke nan. Akwai wani yankan na biyu, wanda mai tsaron ƙofa ya tilasta, shi ne ma ya fi damuna.

Kamfanin Nintendo na Japan a farkon shekarun 1990 yana da dokoki masu tsauri a kan abin da zai hau akwatinsa, domin yana tallar kansa a matsayin abokin iyali. Da aka zo dasa Wolfenstein 3D a Super Nintendo, wanda ya fito a 1994, sai aka goge tambarin 'yan Nazi daga bangaye, aka aske wa Hitila gashin baki aka sauya masa suna, karnukan da ake harbi aka mayar da su manyan ɓeraye, jinin da ke fita daga jikin wanda aka harba kuma aka mayar da shi gumi. Subhanallahi! Mutum ya sha harsashi ya faɗi matacce, amma wai gumi ya yi. An ji tausayin kare, an kare martabar bango, ɗan Adam kuwa an ci gaba da harbe shi, da sharaɗin kada ya ɓata wa iyaye rai da jan launi. Idan wannan ba munafunci ba ne, to a ba shi wani sunan.

Ko wannan ɗan kunyar ma bai daɗe ba. A 1993 an fitar da wasan dambe mai suna Mortal Kombat a akwatuna biyu. Na Nintendo gumi ne, na Sega kuwa akwai wasu maɓallai da in ka danna jini zai dawo. Na Sega ya fi kasuwa. A ranar 9 ga Disamba, 1993, kwana ɗaya tak kafin fitowar Doom, sanatoci biyu na Amurka, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka kira kamfanonin gaban majalisa a kan wannan ta'asa. Don gudun kada gwamnati ta yi musu doka, sai kamfanonin suka kafa hukumarsu ta kansu a 1994, mai suna ESRB, wadda ke buga harafi a jikin kwali don nuna shekarun da suka dace. Da samun wannan mafaka, Nintendo ya saki layi: kashi na biyu na Mortal Kombat ya fito da jininsa a 1994, Doom ma ya hau Super Nintendo da jininsa, cikin jan kaset a Amurka, da harafin M a jiki, wato na ɗan shekara 17 zuwa sama. Ma'anar wannan ciniki a fili take. Kamfani ya sauke amanar tsaron ƙofa daga wuyansa, ya rataya ta a wuyan uba, ya ce ga harafi nan, ka karanta ka yanke hukunci.

Jamus ba ta yarda da wannan sassauci ba. A 1994 kotu ta ba da umarnin ƙwace Wolfenstein 3D saboda dokarsu ta haramta tambarin Nazi, a wannan shekarar kuma aka sanya Doom cikin jerin abubuwan da ba a tallarsu ba a kuma sayar wa yara, bai fita daga jerin ba sai 2011. Shekara 17 ke nan. Waɗannan ba ustazai ba ne, ba kuma 'yan Hisba ba. Mutane ne da suka san tarihinsu, suka tsaya a bakin ƙofarsu, kamfanoni kuma suka riƙa yi wa kasuwar Jamus ɗinki na musamman.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin mu ma an yi mana irin wannan ɗinki, mun kuwa yi murna. A 2003 Microsoft ya janye wasan Kakuto Chojin daga kasuwa saboda an ji ayoyin Alƙur'ani a cikin sautinsa. A Oktoba 2008 Sony ya jinkirta fitar da LittleBigPlanet a duniya baki ɗaya, ya karɓe fayafayan da aka riga aka rarraba, saboda wata waƙar makaɗin Mali Toumani Diabaté mai ɗauke da lafuzzan Alƙur'ani. A 2012 kamfanin Activision ya cire wani fage daga Call of Duty: Modern Warfare 2 saboda an ga rubutu mai ambaton sunan Allah a jikin hoton da aka rataye a banɗaki. A 2021 kuma suka ba da haƙuri suka goge shafukan Alƙur'ani da aka watsa a ƙasa a cikin Call of Duty: Vanguard. Waɗanda suka yi ƙorafin nan sun yi daidai, Allah Ya saka musu da alheri, domin girmama alamomin addini wajibi ne. Amma ina tambaya: bayan an gyara hoton banɗakin, me ya rage a cikin wasan? Harbin ya rage, kamar yadda yake, ba a rage masa ko harsashi ɗaya ba. Kashin farko na wannan jeri, wanda ya fito a 2007, wani ɓangare babba nasa a wata ƙasar Gabas ta Tsakiya da ba a ambaci sunanta ba ake yin sa, waɗanda ake bi lungu-lungu ana kashewa kuma Larabci suke yi. Wannan bai sa kamfanin ya janye wasan ba. Ashe mu ma gumi aka ba mu a madadin jini, muka ce mun gode.

To amma kada ɗan'uwana almajirin nan ya ɗauka na koma ɓangarensa. Shi ma da sauransa.

Na farko, tarihin da na kawo bai nuna makirci a kan Musulmi ba, ya nuna kwaɗayin riba. Samarin da suka gina Doom ba su san akwai Birnin Kudu a duniya ba. 'Ya'yan ƙasarsu suka fara sayar wa, iyayen ƙasarsu kuma suka fara kuka. Wanda ya ce komai makirci ne ya huta da bincike, ya kuma huta da ɗaukar laifin sakacinsa.

Na biyu, kada mu hau mumbari mu ce wasan nan shi ke mayar da yaro ɗan ta'adda, domin hujja ba ta kai nan ba. Gaskiya ne cewa samari biyun da suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a makarantar Columbine ranar 20 ga Afrilu, 1999 ma'abota Doom ne, har ɗayansu yana zana zangunansa na kansa. Amma miliyoyi sun yi wasan ba su kashe ko kiyashi ba. Kotun Ƙoli ta Amurka a 2011 ta duba binciken da aka gabatar mata ta ce bai tabbatar da cewa wasan ne sanadi ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar a 2020 ta ce akwai ɗan alaƙa tsakaninsa da zafin rai, irin su tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar danganta shi da aikata kisa. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da aka fi yin waɗannan wasanni, suna kuma cikin mafiya ƙarancin kisan kai. Masu riƙe da bindigar gaske a dazuzzukan Zamfara ba PlayStation ce ta koya musu ba. Mai wa'azin da ya gina haramci a kan ƙarya, ranar da yaron ya gano ƙaryar, ya rasa yaron ya kuma rasa wa'azin.

Na uku, asali a cikin al'amuran al'ada halacci ne. Ya inganta a cikin Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a masallaci, Manzon Allah (SAW) bai hana su ba, har ya bar Nana A'isha (RA) ta yi kallo. Wasa da makami ke nan, a masallaci kuma. Sai dai duk wanda ya zauna a zaure ya karanci Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san Malikiyya ba su halatta wasan nardu da shaɗaranji ba, kuma ko malaman da suka sassauta a kan shaɗaranji sun haɗu a kan cewa idan ya shagaltar da mutum daga farilla, ko caca ta shiga ciki, to ya haramta. Nan ne ma'aunin yake. Idan katakon da ake turawa a kan allo ya jawo wannan dogon bahasi, ina ga abin da ƙwararru suka zauna suka auna launinsa da sautinsa don kada mai yin sa ya iya tashi? Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta a 2019 ta shigar da kamuwa da jarabar gem cikin kundin cututtuka. Yaran da na gani, abin da ya tabbata a kansu ba kisa ba ne. Magariba ce ta wuce su suna zaune.

Akwai kuma abin da ba a auna shi a ɗakin bincike, wato sabo. Idon da ya ga mutum ya faɗi sau dubu, kowace faɗuwa kuma aka ba shi maki, ba zan ce zai yi kisa ba, amma ba zan yarda a ce ya yi daidai da idon da bai gani ba. Sojojin ruwan Amurka a 1996 sun gyara Doom II suka mayar da shi abin atisaye, rundunar sojan ƙasar kuma a 2002 ta fitar da nata wasan mai suna America's Army kyauta don jawo samari su shiga soja. Da suna ganin wasa ne kawai da ba su ɓata kuɗinsu ba. Shi kuma azzalumin da ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch ranar 15 ga Maris, 2019, kyamara ya ɗaura a kansa ya watsa ta'asar kai tsaye a Facebook, bakin bindiga a tsakiyar hoto, daidai yadda idon 'ya'yanmu ya saba gani. Ban ce wasa ne ya sa shi ba. Na ce ya san harshen da zai yi wa masu kallo magana da shi.

Wasu samari masu kishi kan ce mini: to mu gina namu na Musulunci mana, tunda id Software ya saki asalin rubutun Doom ga kowa tun 1997, har ana ɗora shi a kan na'urar buga takarda da ta cirar kuɗi. Kishin yana da kyau, amma an riga an gwada. A 1994 wani kamfanin Kiristoci mai suna Wisdom Tree ya ɗauki injin Wolfenstein 3D ya yi Super 3D Noah's Ark: kurkuku ya zama jirgin Annabi Nuhu (AS), sojoji suka zama awaki da tumaki, bindiga ta zama danƙo, harsashi ya zama abinci, dabbar da aka harba kuma wai barci take yi. Har fuskar Annabin Allah suka zana a ƙasan hoto, wa'iyazu billahi. Kuma da yake Nintendo bai ba su izini ba, sai suka yi wa kaset ɗinsu baki a sama, a cusa wata kaset mai izini don a yaudari makullin akwatin. A farkon shekarun 2000 kuma an yi Tahtar Ramad a Dimashƙa, inda Bafalasɗine ne gwarzon. An sauya wanda ke riƙe da bindiga da wanda ake auna wa, yaron da ke zaune kuwa aikinsa bai sauya ba. Ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse, in har za su ɗauki darasi, su ɗauki na haƙurin Randy Linden da ya ɗura buhu a tiya, su zuba shi a abin da manomi da ɗan makarantar allo za su amfana.

Sauran dashe guda, shi ne namu, wanda ba a rubuta shi a tarihin kamfanoni ba. Mu da muka tashi a Birnin Kudu mun ga zuwan akwatunan Kwatano, daga masu kaset zuwa PlayStation ta ɗaya da ta biyu, a shagunan da ake jera benci a tayar da janareto. Ni kaina na zauna a kan bencin nan ina yaro, na kuma san kuɗin cefanen da ya ɓace a wurin, Allah Ya yafe mana. Ba mu taɓa ganin faifan asali ba. Kofi ne ake sarowa daga Kano, a rubuta suna da alƙalamin maka. Daga baya ma aka daina faifan, aka koma tura wasanni a filas, yanzu kuwa PUBG da Free Fire da Call of Duty sun sauka a cikin wayar da ke aljihun yaro, yana harbi yana hira da mutanen da ubansa bai taɓa jin sunan ƙasarsu ba. Iraƙi da Jodan sun hana PUBG a 2019, majalisar malaman Aceh ta Indunusiya ma ta ba da fatawar haramta shi a wannan shekarar. Ko mun yarda da hukuncinsu ko ba mu yarda ba, sun dai zauna sun duba.

Me aka yar a wannan dashe namu? Kwalin. Abu guda ɗaya tilo da kamfani ya tanadar wa uba, wato harafin M ko lambar 18, shi ne ya faɗi a hanya tsakanin Legas da Kano da Gwaram. Jinin ya iso cikakke, gargaɗin bai iso ba. Wasan da masu shi suka ce kada a ba ɗan shekara 16, shi ɗan shekara 8 yake yi a shago da kuɗin tara, a lokacin da ya kamata yana aji ko Islamiyya. Mai shagon kuwa ɗan unguwa ne, muna sahu ɗaya da shi a masallaci, ba wanda ya taɓa ce masa ya rufe lokacin salla da lokacin makaranta, ko ya ware wa ƙanana ƙwallo da tseren mota ya bar harbi ga manya. Limamai da masu unguwanni da 'yan Hisba suna iya wannan ba tare da an ƙwace wa kowa sana'arsa ba, in dai sun fara sanin bambancin wannan wasa da wancan, maimakon su yi musu kuɗin goro.

Washegari kafin in bar gidan, na roƙi dattijon ya shiga ɗakin samarin ya zauna, a kunna masa abin da ya kira wasa. Shekara biyu akwatin yana gidansa, shi ya ba da kuɗin sayensa, bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Bai yi minti goma ba ya ce a kashe. Ya tambayi babban yaron ko akwai wani abu a ciki ban da wannan, yaron ya ce akwai ƙwallo da tseren mota. Ya sa aka kira wanda ya tura wasannin ya goge na harbi, ya kuma sa aka ciro talabijin ɗin da akwatin aka dawo da su zaure, inda yake zama.